Amincin Allah da Cika Alkawari a Rayuwar Kirista: Abin da Tarihin Wusasa Ya Nuna

GABATARWA

Littafi Mai Tsarki na Kirista kashi biyu ne, kuma a harshen Hausa da kalma guda aka raɗa wa kowane kashi suna: na farko Tsohon Alkawari, na biyu Sabon Alkawari. Wannan kalma ita ce dai manomi ke amfani da ita idan ya karɓi bashin taki zai biya da kaka, ita ce tela ke faɗa wa mai ɗinki ana saura kwana uku Kirsimeti, ita ce kuma ango da amarya ke furtawa a gaban jama'a. Ke nan Bahaushe Kirista ba shi da halin raba maganar da Allah ya yi masa da maganar da shi ya yi wa ɗan'uwansa, tun da yake harshensa ma bai raba su ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda waɗannan abubuwa biyu suke rataye da juna a koyarwar Kirista, watau amincin Allah da cika alkawarin ɗan Adam. Za a fara da ma'anar kalmomin, sa'an nan a duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar, daga nan a gwada koyarwar da tarihin jama'ar Wusasa, garin da duk mazaunin Zariya da kewayenta ya sani, ko a cikin birni yake, ko Tudun Wada, ko Dutsen Abba. Daga ƙarshe za a dubi alkawarin shugabanni da na talakawa, da abin da ya kamaci wanda ya riga ya saɓa.

MA'ANAR ALKAWARI DA AMINCI

Kalmar alkawari, ko alkawali kamar yadda wasu ke faɗa, daga Larabci Hausa ta aro ta, daga kalmar da ke nufin magana. Alkawari magana ce da mutum ya ɗaure kansa da ita a yau game da abin da zai yi gobe. Shi ya sa Hausawa suka ce alkawari kaya ne: da zarar an furta shi ya hau kan mai shi, ba ya sauka sai an kai shi inda aka ce za a kai.

Aminci kuwa tushensu ɗaya da amana, da amini, da imani, da mumini. Wannan tushe yana nan a Larabci, yana nan kuma a Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi. A Ibrananci kalmar da ake fassarawa da aminci ita ce emuna, kuma daga wannan tushe ne aka sami amin da Musulmi da Kirista suke rufe addu'a da ita. Ainihin ma'anar tushen ita ce kafuwa, abin da za a jingina da shi bai goce ba. Saboda haka idan aka ce Allah mai aminci ne, ana nufin wanda ya dogara da maganarsa ba zai faɗi ba.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ta san darajar wannan hali. A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, mai suna Mutumin Kirki. A cikinta ya jera halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su, gaskiya da amana kuwa su ne a gaba. Haka nan binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Badun ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, sai dai maigidan da ya saukar da falke ya tsaya masa. Cinikin dukiya mai yawa, daga Arewa har bakin teku, a kan maganar baki yake tafiya. Addinin Musulunci ma ya ƙarfafa wannan: Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawari ta fara, kuma sanannen hadisi ya lissafa saɓa alkawari da cin amana cikin alamomin munafuki. Don haka Kirista ba shi ne ya kawo wa ƙasar Hausa wannan hali ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da addininsa ya ba shi na riƙe shi.

AMINCIN ALLAH A LITTAFI MAI TSARKI

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, a cikin Littafi Mai Tsarki Allah ne ke fara yin alkawari. A Farawa sura 9 ya yi wa Nuhu alkawari bayan ruwan tsufana, ya sa bakan gizo ya zama shaida, bai kuwa ɗora wa tsuntsaye da dabbobin da alkawarin ya shafa wani sharaɗi ba. A sura 15 akwai labarin da ya fi wannan zurfi. Al'adar mutanen wancan zamani ita ce, idan za a ƙulla alkawari sai a yanka dabbobi a raba su biyu, masu alkawarin su ratsa tsakani, alamar cewa wanda ya saɓa ya cancanci abin da ya sami dabbar. Irmiya sura 34 ta ambaci wannan al'ada. Amma a wahayin da Ibrahim ya gani, hayaƙi da harshen wuta ne kaɗai suka ratsa, shi yana kwance barci ya ɗauke shi. Malaman Kirista suna fahimtar wannan da cewa Allah ya ɗauki nauyin alkawarin shi kaɗai.

Abu na biyu shi ne jinkiri. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawarin zuriya, bai ga Ishaku ba sai da ya kai 100. Tsakanin magana da cikawa shekara 25 ke nan. Irmiya ya gaya wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa sai bayan shekara 70 za a komo, watau mafi yawan waɗanda suka ji maganar ba za su ga ranar ba. Wasiƙar Ibraniyawa sura 11 ta jera mutanen da suka mutu suna jiran abin da aka alkawarta musu. Littafin bai ɓoye wannan ba, bai kuma ɗauke shi abin kunya ba.

Abu na uku shi ne, amincin Allah bai dogara da amincin mutum ba. An umurci annabi Yusha'u ya riƙe matar da ta ci amanarsa, don zaman gidansa ya zama misalin yadda Allah yake riƙe da jama'ar da ta juya masa baya. Littafin Makoki kuwa, wanda kuka ne a kan rushewar Urushalima, a tsakiyarsa ne mai makokin ya tsaya ya shaida cewa jinƙan Allah bai ƙare ba. A kan kufai aka yi wannan shaida, ba a cikin yalwa ba.

A wurin Kirista, duk waɗannan alkawura sun taru a kan Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Irmiya sura 31 ta yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya, Yesu kuwa ya danganta wannan da mutuwarsa a daren da ya ci jibin ƙarshe da almajiransa. Shi ya sa duk lokacin da ikilisiya ta taru don Jibin Ubangiji, tunawa take yi da alkawarin da aka cika mata da tsada.

ISAWA, GIMI DA WUSASA

Ana iya gwada wannan koyarwa da abin da ya faru a ƙasar Zazzau. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na musamman. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Hukuma da malaman fada suka ga koyarwarsa ta kauce wa abin da aka sani, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Abin da zuriyarsu ke riwaitowa shi ne, kafin mutuwarsa ya gaya musu su jira, akwai masu zuwa da littafin da zai ba su cikakken labarin Isa.

A 1900 wata ƙungiya ta mutum 5 daga mishan ɗin C.M.S. na Ingila ta iso Kano a ƙarƙashin Bishop Tugwell. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda Hausawa suka kira Likita Mila. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a wannan shekara. Tafiyar ta watse ba tare da wani abin nunawa ba. Amma Likita Mila ya komo, a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya dukufa ga fassara.

A 1913 ne wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa a Zariya. Sama da shekara 30 ke nan da kashe malaminsu. Ba dukkan Isawa ne suka karɓi Kiristanci ba, da yawa sun ci gaba da zama yadda suke. Waɗanda suka karɓa kuwa sun ɗauka cewa abin da aka ce su jira ne ya iso. Aka kafa musu gari a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, a ƙarƙashin kulawar wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Suka gina gidaje, suka yi gonaki, suka sa 'ya'yansu a makaranta.

A nan ne tarihin ya zo da abin da ke da wuyar ji. Wurin da suka zauna yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon barci ya shiga garin, ya kashe mutane da yawa, har ya zama dole a tashi. Wannan ciwo ne dai daga baya, a shekarun 1930 da 1940, ya sa gwamnati ta yi shirin Ancau ta kafa sabon garin Takalafiya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna jiran cikar magana, da ta cika sai ga su suna binne 'ya'yansu. Duk wanda zai yi wa'azin amincin Allah a ƙasar Zazzau wajibi ne ya iya tsayawa a gaban wannan labari, domin idan ma'anar amincin Allah ita ce lafiya da arziki nan take, to, Gimi ta ƙaryata shi.

Waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, bayan ganuwa, kusa da Dutsen Kufena. Wannan ƙaura ma da wani alkawari take da nasaba. A watan Maris 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa sun dogara da wannan wajen taƙaita aikin mishan a biranen sarakuna. Likita Mila bai so tashin ba, ya koma Kano, a can ya ƙarasa aikin fassara, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya rasu a Nijeriya a 1952, fiye da shekara 50 bayan da aka kore shi daga Kano.

A Wusasa aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da tubali da ƙasa irin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin Luka Mai Tsarki. Daga cikin wannan ƙaramar jama'a aka sami Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama Ministan Harkokin Waje a 1979. Mutanen da aka binne a Gimi ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Masanin tarihi zai bayyana al'amarin da dalilai na zahiri, kamar samun ilmin boko da wuri, kuma yana da gaskiya. Mai bi kuwa zai ƙara da cewa haka Littafinsa ya riga ya nuna masa: alkawarin Allah ba ya tashi, amma sau da yawa wani ke ji, wani ke ganin cikawa.

ABIN DA AKE NEMA GA ƊAN ADAM

Idan haka Allah yake, me ake nema ga wanda ya ce yana binsa? Amsar Littafi Mai Tsarki ita ce ya yi kama da shi. Labarin Gibeyonawa a Joshuwa sura 9 ya nuna iyakar wannan. Mutanen Gibeyon sun zo da tsofaffin tufafi da busasshiyar gurasa, suka ce daga nesa suke, shugabannin Isra'ila suka rantse musu da zaman lafiya. Bayan kwana 3 sai aka gane maƙwabta ne, yaudara suka yi. Jama'a suka yi gunaguni, amma shugabannin suka ƙi taɓa su saboda rantsuwar. Bayan zamani mai tsawo Sarki Saul ya karya wannan alkawari, kuma 2 Sama'ila sura 21 ta danganta yunwar shekara 3 da aka yi a zamanin Dawuda da wannan laifi. Darussa biyu ke nan: alkawari yana ɗaure mutum ko da wanda aka yi wa baƙo ne ba ɗan gida ba, yana kuma ɗaure magada bayan masu yinsa sun shuɗe. Dawuda da kansa ya nuna na biyun, da ya nemo Mefiboshet, gurgun ɗan Jonatan, ya zaunar da shi a teburinsa saboda maganar da ya yi da mahaifinsa, alhali mahaifin ya daɗe a kabari, ba mai tuhumarsa.

Zabura ta 15 ta sa cika rantsuwar da ta zama hasara cikin halayen wanda ya cancanci kusantar Allah. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya, domin alkawarin da cika shi riba ne kowa na iya cikawa. Manomin da ya yi cinikin masararsa tun da damina, da kaka farashi ya tashi, a ranar ne za a san ko mai alkawari ne.

Yesu ya kai maganar gaba. A Matiyu sura 5 ya hana almajiransa dogara da rantsuwa, ya nemi maganarsu ta kullum ta zama abin dogara ba tare da an jingina ta da sama ko ƙasa ba. Dalilin a fili yake. Wanda sai ya rantse ake yarda da shi ya riga ya shaida cewa sauran maganarsa ba ta da nauyi. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta maimaita wannan umurni. A Matiyu sura 21 kuma akwai misalin 'ya'ya biyu da ubansu ya aika gona: ɗaya ya ƙi da baki daga baya ya tafi, ɗaya ya amsa da ladabi bai je ba. Wannan misali ya taɓa wata ɗabi'a da ta yi yawa a ƙasar Hausa, inda kunya ke hana mutum cewa ba zai iya ba, sai ya amsa da "to" don a rabu lafiya. Kunya hali ne mai kyau, amma idan ta sa mutum ya ɗauki kayan da ya san ba zai kai ba, ta zama ƙofar ƙarya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma alkawarin da bai kamata a cika ba. Sarki Hirudus ya rantse wa yarinyar da ta yi rawa a gaban baƙinsa zai ba ta duk abin da ta roƙa, ta roƙi kan Yahaya Mai Baftisma, ya sa aka sare don kada ya ji kunya. Yefta, a Littafin Mahukunta sura 11, ya yi wa'adi da garaje, ya faɗa a kan 'yarsa tilo. Koyarwar ikilisiya ita ce alkawarin aikata mugunta ba ya ɗaure kowa, laifin yana wurin yinsa, cika shi kuwa ƙarin laifi ne. Maganin abin shi ne a auna kafin a furta, gama magana zarar bunu ce.

ALKAWARIN SHUGABANNI

Tarihin Nijeriya ya ba da misali daga ɗan Wusasa. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara, ya zama Shugaban Ƙasa a 1966. Da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu 1970, ya bayyana cewa babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ya yi alkawarin sulhu da gyara da sake gini. Mutane da yawa a ciki da wajen ƙasa sun zaci za a yi ramuwar gayya, ba a kuwa yi ba. Wannan magana da ya riƙe ita ce babban abin da ake tunawa da shi.

A ranar 1 ga Oktoba 1970 ya yi wani alkawarin, cewa soja za su mayar da mulki ga farar hula a 1976. A ranar 1 ga Oktoba 1974 ya sanar cewa wannan lokaci ba zai yiwu ba, bai kuwa sa wata rana ba. Ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, aka kifar da gwamnatinsa. Akwai wasu dalilai na juyin mulkin, amma janye wancan alkawari yana cikin manyan abubuwan da suka zubar da yardar jama'a. Janar Murtala Muhammed, da ya gaje shi, ya sa 1 ga Oktoba 1979. Aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, amma Janar Olusegun Obasanjo ya riƙe ranar, ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a daidai lokacin da aka faɗa. Musulmi ya yi alkawari, Kirista ya cika bayan mutuwarsa. Wannan ya nuna cewa kasancewa ɗan ikilisiya ba ya tabbatar da cika kowace magana, ya kuma nuna cewa amana tana ƙetare iyakar addini.

ALKAWARI A ZAMAN YAU DA KULLUM

Rayuwar Kirista daga farkonta zuwa ƙarshenta a kan alkawura take. A wurin baftisma ana yin alkawarin rabuwa da mugunta, iyaye da masu tsaya wa yaro suna ɗaukar nauyin tarbiyyarsa. A wurin ɗaurin aure miji da mata suna alkawarin zama tare cikin samu da rashi, lafiya da ciwo. Limami yana yin nasa ranar keɓewa. Waɗannan manya ne, ana yinsu a gaban taro. Amma ƙananan su ne suke nuna ko manyan za su tsaya: zubin adashi a Zumuntar Mata, kuɗin da aka miƙe a majami'a aka ce za a bayar don gini, ladan ɗan ƙwadago da aka ce sai yamma, littafin da aka yi wa yaro alkawari. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5 gargaɗi ne ga masu alkawarin baiko don a gani. Ba a tilasta musu sayar da gonarsu ba, laifinsu shi ne nuna cewa sun ba da duka alhali sun ɓoye wani kashi.

Akwai kuma amanar maƙwabtaka. A watan Maris 1987 rikicin da ya fara a Kafancan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Bayan rikicin Kaduna na 2000, shugabannin Musulmi da na Kirista su 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ranar 22 ga Agusta 2002. Wata 3 bayan haka wani rikicin ya sake ɓarkewa a Kaduna. Sa hannun shugabanni yana da amfani, amma ba ya aiki sai mai shago da mai haya da ɗan acaɓa sun riga sun saba gaskata juna a ƙananan al'amura. A inda Kirista suke 'yan kaɗan, kamar yawancin ƙasar Zazzau ta arewa, maƙwabcin da ba zai taɓa shiga majami'a ba yana karanta addininsu ne daga yadda suke biyan bashi.

IDAN ALKAWARI YA KARYE

Babu ɗan Adam da ya cika duk abin da ya faɗa. Bitrus ya yi wa Yesu alkawarin binsa har mutuwa, kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau 3. A Yahaya sura 21 Yesu ya tambaye shi sau 3 game da ƙaunarsa, ya kuma sake danƙa masa kiwon jama'arsa. Wanda ya ci amana aka sake ba amana. A nan ne koyarwar amincin Allah take da amfaninta mafi girma, domin tana hana mai laifi yanke ƙauna, tana kuma hana shi fakewa da uzuri.

Hanyar gyara sananniya ce. Wanda ya ga ba zai iya cikawa ba, ya je da ƙafarsa ya faɗa tun kafin ranar, kada ya ɓuya. Ya ambaci laifinsa da sunansa, ya biya abin da ke biyuwa, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka sura 19. Wanda aka saɓa wa kuma ana nemansa da gafara, ko da yake gafara ba ta hana shi yin hattara a ciniki na gaba ba.

KAMMALAWA

An ga cewa a koyarwar Kirista Allah ne ke fara alkawari, yana cikawa ko da an jima, kuma rashin amincin mutum ba ya warware nasa. An ga yadda jama'ar da ta taso daga Isawa ta bi ta Gimi kafin ta iso Wusasa, da yadda waɗanda suka jira ba su ne suka ga amfanin jiran ba. An ga kuma cewa abin da ake nema ga mai bi shi ne ya rage yawan alkawari, ya auna kafin ya furta, ya cika ko da hasara, ya kuma koma ya gyara idan ya kasa. Mutumin da yake karanta littafi mai suna Alkawari kowace safiya, da wannan kalma maƙwabtansa za su auna shi, kuma suna da hakkin yin haka.